Laifin Mai Jarka

Da hantsin Laraba, 16 ga Oktoban 2024, muna zaune a teburin mai shayin unguwarmu labarin Majiya ya iso mana ta wayar wani yaro. Cikin dare wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direba, ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito da jarkoki da bokitai da duk abin da hannu ya kai gare shi suna kwasa, sai wuta ta tashi. A ranar aka binne sama da mutum 140. Da aka ci gaba da rasa waɗanda ke kwance a asibitoci, adadin ya haura 180.

Wani Alhaji mai shagon kayan gini ya yi salati, ya ajiye kofi, ya ce, "Allah ya jiƙansu, amma a faɗi gaskiya, kwaɗayi ne. Wa ya aike su? Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Wani matashi mai adaidaita sahu da ke gefen benci ya ce, "Haba Alhaji. Ka taɓa kwana da yunwa kuwa? Wallahi gwamnati ce ta kashe mutanen nan."

"Yaro, gwamnatin ce ta miƙa musu bokiti?"

Mai shayi ya ce a yi wa mamata addu'a a bar musu, ya kuma tambayi wanda bai biya kuɗin burodi ba. Aka watse.

Tun daga ranar nake jin gardamar nan tana dawowa da sabuwar riga. An yi ta a Disambar shekarar, da aka tattake mutane har lahira wajen rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja. An sake yin ta ranar 18 ga Janairun 2025, da wata tankar ta faɗi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wuta ta cinye sama da mutum 80. Kullum ɓangare biyu ne: masu cewa "su suka ja wa kansu", da masu cewa "yunwa ce". Kowace magana tana da daɗin faɗa, domin da zarar mutum ya furta ta ya huta da tunani. Alhaji ya sauke nauyin a kan mamata, waɗanda ba za su tashi su kare kansu ba. Mai adaidaita ya aika nauyin Abuja, inda babu mai jin sa. Ni kuwa a ganina laifi abin awo ne, kuma mudunsa shi ne yawan ƙofofin da suka rage wa mutum a buɗe lokacin da ya aikata abin da ya aikata.

A fara da lissafin da mai jarka ya yi a daren. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba. Kwana shida kafin gobarar Majiya gidajen man kamfanin NNPC suka ƙara farashi, lita ta koma naira 1,030 a Abuja. Ke nan jarka mai lita 25 ta haura naira 25,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, shi ma ga mai albashin ke nan, kuma mafi yawan mutanen karkara ba su da shi. Jarka ɗaya ta fi sulusin albashin wata. Jigawa kuma tana cikin jihohin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna a 2022 cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanensu suna cikin talauci ta fuskoki da dama, a rahoton nan da ya ƙirga 'yan Najeriya miliyan 133 cikin wannan hali. Magidancin da ya kwana bai bar kuɗin koko ba, aka tashe shi tsakar dare aka ce ga kuɗin buhun gero yana gudu a kwata, mene ne zai fara zuwa masa a rai?

Alhaji zai ce hankali fa? Ai kowa ya san fetur da wuta. Gaskiya ne, amma akwai abin da babu take yi wa hankali wanda mai ƙoshi ba ya gani. A 2013 wasu masana, cikinsu da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun wallafa wani bincike a mujallar Science. Manoman rake 464 suka yi wa gwajin kaifin tunani a jihar Tamil Nadu ta Indiya, sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi katutu, da kuma bayan an sayar da rake kuɗi sun shigo. Mutanen su ne dai ba a sauya ba, amma kafin girbi ƙoƙarinsu ya faɗi ƙasa sosai. Bayanin masanan shi ne, damuwar abin da za a ci tana mamaye kan mutum har sauran tunani ya rasa wurin zama. Manominmu ba ya buƙatar a je Indiya a gaya masa wannan. Ya san abin da ke sa shi a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ya karɓi kuɗin buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Ya iya lissafi sarai. Tukunyar yau ce ta tsaya masa a gaba ta tare masa ganin kaka.

Kada kuma wani ya ce halin mutanenmu ne. A 1998 sama da mutum 1,000 suka ƙone a Jesse ta jihar Delta wajen kwasar mai daga bututun da ya fashe. A Yunin 2017 sama da 200 suka mutu a yankin Bahawalpur na Pakistan a kan tankar da ta kife. A Mayun 2019 fiye da 50 suka rasu a Yamai, kusa da filin jirgin sama, a irin wannan hali. Harshe daban, gwamnati daban, wasu ma tun kafin a yi zancen cire tallafi. Abin da ya haɗa su talaka ne a gefen hanya, da dukiya mai tsada da ta zube a gabansa.

To, mai jarka yana da laifi? Yana da shi. Man ba nasa ba ne, kuma ya jefa ransa da na maƙwabcinsa cikin haɗari, domin wuta ba ta bambanta mai kwasa da mai kallo da wanda ya zo janye ƙanensa. Sai dai a dubi sauran waɗanda hannunsu ke cikin abin, waɗanda a daren suna kwance a kan katifa. Me ya sa tun farko fetur yake yawon ɗaruruwan kilomita a bayan mota, yana ratsa tsakiyar garuruwa? An buɗe matatar man Kaduna a 1980, aka shimfiɗa bututu zuwa ma'ajiyoyin mai a Kano da Gusau da Jos da Maiduguri, don kada a riƙa jigilar nan. Matatar ta yi shekaru ba ta tace komai, bututun ya zama tarihi. Akwai mai tankar da ya san lafiyar birkinta da tayoyinta. Akwai wanda ya karɓi kwangilar hanya. Akwai jami'in da ke tsaye a shinge, wanda ya ga mota ta wuce ya duba abin da aka miƙo masa bai duba motar ba. Akwai wanda aikinsa ne a samu motar kashe gobara da jami'an da za su killace wuri cikin gaggawa. Sai bayan Dikko ne hukumar kula da harkar mai ta haramta tankoki masu ɗaukar lita 60,000, daga 1 ga Maris na 2025. Ashe an san suna da haɗari. Kowanne cikin waɗannan yana da ƙofofi goma a buɗe, ba yunwa ta tashe shi ba, ba cikin duhu ya yanke shawara ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a wannan magana warin ya fi satar yawa.

Wannan awo da nake magana ba ni na ƙirƙiro shi ba. Yana cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wasu bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Aka kai ƙara gaban Sayyidina Umar. Har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya lura cewa ubangidansu yana barin su da yunwa. Ya juya kan ubangidan, ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ya ƙi sayar da ita a dirhami 400, Umar ya sa aka biya shi 800. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninka kuɗin, wannan kuma fagen malamai ne, na bar musu. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka raba nauyin. Umar bai ce ba a yi sata ba. Bai ce mai taguwa ya yi haƙuri tunda yunwa ce ba, an biya shi haƙƙinsa. Amma da ya zo ɗora hukunci, sai ya nemi wanda ke da hali ya hana, ya ɗora masa. Shi ne kuma aka ruwaito ya dakatar da haddin sata a shekarar farin nan da ake kira Shekarar Toka, wajen shekara ta 18 bayan Hijira.

Yanzu sai in juya kan abokina mai adaidaita, don maganarsa ce ta fi yaɗuwa a tsakaninmu, kuma ita ta fi ba ni tsoro.

Kwanakin baya na auno masara kwano goma a kasuwa. Da na kawo gida uwargida ta sake aunawa da nata kwanon, kamar yadda ta saba, sai ga tara da ɗan abin da bai cika tafi ba. Na koma. Na ce wa mai awon ya ba ni kwanonsa in gani. Ya yi jim, ya miƙo. Na kifa shi, sai ga gindin an bubbuge shi ya shige ciki, an goge wurin sumul yadda ido ba zai kama ba. Aikin natsuwa ne, wanda ya yi shi ya zauna ya ɓata lokaci. Bai yi musu ba, bai kuma ji kunya ba. Ya cika mini kwano ɗaya ya ce, "Malam, ka san halin da ake ciki." A bayana akwai wata dattijuwa riƙe da leda, ta zo awon rabin kwano, kuɗin a ƙulle a bakin zane. Ita ba ta da kwanon gwaji a gida, ba ta kuma da bakin dawowa. Halin da ake ciki ya fi matsa mata sau goma, amma ita ce za ta biya kuɗin uzurinsa.

"Halin da ake ciki" ya zama mabuɗin da ke buɗe kowane kwaɗo. Da shi makanike yake sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo. Da shi ma'aikaci yake ɓoye fayil sai an ba shi na goro. Da shi ake cin kuɗin adashi a kashe waya. Da shi magidanci yake ficewa da asuba bai bar na cefane ba, ya wuni a majalisa yana zagin gwamnati, matar ta ɗora wa yarinya 'yar shekara tara farantin talla. Da shi uba yake ɗaukar yaron da bai iya wanke wandonsa ba ya kai shi birni wajen malam, ba guzuri ba waiwaye, kaka na yi kuma ya ƙara aure. Na san wannan maganar ba ta da daɗin ji, na kuma san akwai iyayen da da gaske babu ce ta kai su, amma wanda ya samu kuɗin sadaki da lefe bai isa ya ce ya rasa kwanon gero na ɗansa ba. Sannan ga masu ƙwacen waya a Kano da sauran biranenmu, yaro ya soka wa ɗan'uwansa wuƙa a kan wayar da ba za a saye ta dubu talatin ba. Wa suke sokewa? Ɗalibi, da lebura mai dawowa daga aiki, da malamin makarantar da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Wanda ya cire tallafi ba ya tafiya a ƙafa da magariba.

Wanda duk ya ce talauci ne ke sa sata, ya zagi miliyoyin talakawan da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba. A Satumbar 2023, kusan wata huɗu da cire tallafi, lokacin da masu adaidaita ke kuka da kuɗin mai da balas, wani matashi cikinsu a Kano ya tsinci naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa, ya ji cigiya a rediyo, ya mayar. An yi ta yayata shi, kuma ya cancanta. Amma irinsa da ba a sani ba sun fi gaban ƙirga: mai ƙosan da ke bin ka da canjin naira hamsin, ɗan dakon da ake ba kayan miliyoyi ya kai tasha ba ko rasit. Da a ce babu tana kashe zaɓi, da ba a samu ko ɗaya daga cikinsu ba. Tana matse shi ne, wani lokaci har ya zama kamar ƙofar allura, amma yana nan. Kuma idan ka gaya wa matashi cewa duk abin da ya yi ba laifinsa ba ne, ka ƙwace masa abu na ƙarshe da ya mallaka, wato cewa shi mutum ne mai iya cewa a'a. Malamanmu da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne kuma suka ce ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa za ta kashe an yarje masa ya ci mushe don ya rayu, ba a ce ya buɗe tukuba ba.

Bambancin mai jarka da mai kwano ke nan. Na farko cikin 'yan mintoci ya yanke shawara, cikin duhu, jama'a na gudu yana gudu, kuma kansa ya fara cutarwa. Na biyu yana da jari, yana da rumfa, ya zauna da guduma da rana tsaka, kuma kullum sai ya sake zaɓar cutar wanda ya fi shi rauni. Amma a teburin mai shayi, na farkon ake kira mai kwaɗayi, na biyun kuwa a ce ɗan kasuwa ne mai wayo.

Abin takaicin shi ne yadda muke kifa mudun idan aka zo hukunci. A shekarar 2000 aka yanke hannun wani mutum a Zamfara saboda satar saniya. Ba shari'a nake tuhuma ba, masu zaɓen wanda za ta hau kansa nake tuhuma, domin daga lokacin zuwa yau ban ji an taɓa ko farcen wani mai riƙe da baitulmali ba. A 2013 wata kotu a Abuja ta samu wani babban jami'i da laifi a badaƙalar biliyoyin naira na fanshon 'yan sanda, ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai da aka yi ca, aka ɗaukaka ƙara, sannan bayan shekaru aka tsananta hukuncin. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 kuwa, mako biyu da 'yan kwanaki bayan Majiya, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu yara ƙanana daga Kano da Kaduna da maƙwabtansu. An yi ɓarna a zanga-zangar, ba a musu, an fasa wurare an kwashi kaya. Amma tuhumar da aka yi musu har da cin amanar ƙasa. Sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunan suka karaɗe duniya sannan Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Yaron da bai taɓa riƙe naira dubu goma tasa ba belinsa ya ninka tarar mai satar fansho fiye da sau goma sha uku.

Mu ma da ke gefe muna sharhi ba mu fita ba. Laifi tudu ne. Wanda ya sayi fetur a galan a bakin titi bai tambayi inda aka samo shi ba, shi ya sa jarkar Majiya take da kasuwa. Wanda ya sayi wayar hannu da araha ba kwali ba rasit, ya san daga inda ta fito. Wanda ya tara hatsi a sito yana jiran damina ta yi tsakiya farashi ya ninka, yana da aikin Hajji uku, shi ne kuma zai fara cewa talakawa ba su da tawakkali. Ni kaina ranar da na kama mai awo, kwanona na karɓa na yi tafiyata. Ban je wajen sarkin kasuwa ba, ban ce wa dattijuwar nan komai ba. Ina da baki, ina da lokaci, na zaɓi in yi shiru. Nata rabin kwanon yana wuyana daidai gwargwado.

Ga malamanmu masu hawa mumbari ina da roƙo. Idan za a yi wa talaka huɗubar haƙuri da tsoron Allah, a yi, yana buƙata. Amma a haɗa da ƙissar bayin Haɗibu, a faɗe ta a ranar da mai unguwa da ɗan majalisa da mai sito suke sahun gaba. Kai kuma mai karatu, idan tanka ta faɗi a garinku, kama hannun ɗanka da na ɗan maƙwabcinka ku yi nisa, ko da a gidan ba a ɗora tukunya ba. Idan gari ya waye, ku je ofishin ɗan majalisarku ku tambaye shi inda aka kwana a kan bututun Kaduna zuwa Kano.